Sabuwar Hanta Ba Ta Korar Tsohuwar Cuta

A farkon shekarar 2025 likitocin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na asibitin koyarwarta suka gudanar da aikin dashen ƙoda na farko a birnin Sakkwato. Babu shakka wannan abin alfahari ne ga jihar baki ɗaya, domin kafin wannan lokaci duk wanda ƙodarsa ta gaza sai ya nufi Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara irin wannan aiki tun shekarar 2002, ko ya nufi Legas, ko kuwa ya tsallaka ƙasashen waje in yana da hali. Tambayar da ta dace ta biyo bayan wannan nasara ita ce ta hanta, saboda masu fama da ciwon hanta a ƙasar nan suna da yawan da ya isa ya hana hukuma barci.

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a duk faɗin ƙasa a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, sa'an nan kimanin kashi 1 cikin 100 suna ɗauke da nau'in C. Bisa wannan lissafi, ma'aikatar da ke da ma'aikata ɗari tana iya samun mutum takwas masu ɗauke da nau'in B, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Cutar takan yi shekara ashirin ko talatin tana cin hanta a ɓoye, mutum yana zuwa ofis, yana noma, yana aure yana haihuwa, har ranar da ido zai yi ɗorawa, ciki ya kumbura da ruwa, ko a fara aman jini. A lokacin ne likita zai ce hanta ta ƙeƙashe, ko kuwa sankara ta kama ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma cututtukan hanta na ƙwayoyin cuta sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.3 a wannan shekara kaɗai.

Idan hanta ta kai ga gazawa, ba ta da na'urar da za ta riƙe mata aiki na shekaru kamar yadda injin wankin jini yake yi wa mai ciwon ƙoda. Abin da ya rage shi ne dashe. Saboda haka ake ganin iyalai suna sayar da gona da fili, ana kafa gidauniya, ana rubuta takardar neman agaji zuwa ga gwamnati, domin a kai majinyaci Indiya ko Masar a yanko wani sashe na hantar ɗan'uwansa a dasa masa. Wannan jarida ba ta ga laifin kowa a cikin wannan ƙoƙari ba, rai abin nema ne. Abin da take son jawo hankali a kansa shi ne kuskuren da ake yi na ɗaukar ranar dashe a matsayin ranar warkewa. Ƙwayar cutar da ta lalata tsohuwar hanta tana nan a cikin jinin majinyaci, kuma da zarar an haɗa jijiyoyin sabuwar hanta, jinin nan ne zai ratsa ta. Wanda ya gina sabon rumbu a gidan da gara ba ta bari ba ya san abin da zai tarar in kaka ta zagayo.

Tarihin wannan fanni ya tabbatar da haka. Likita Thomas Starzl ne ya fara gwada dashen hanta a birnin Denba na ƙasar Amurka a 1963, kuma sai a 1967 aka samu majinyacin da ya rayu fiye da shekara guda bayan aikin. Da aka samu maganin saiklosporin a farkon shekarun 1980, wanda ke hana garkuwar jiki yaƙar baƙuwar hanta, aikin ya bunƙasa. Amma nan da nan likitoci suka lura cewa a cikin masu nau'in B da aka yi wa dashe, kusan takwas cikin goma cutar tana komawa cikin sabuwar hanta, kuma tana cin ta da saurin da ya fi na da, tun da maganin da ke kwantar da garkuwar jiki ya buɗe wa ƙwayar cutar ƙofa. Abin ya kai har asibitoci da yawa suka daina karɓar masu nau'in B don dashe. A 1993 wani babban bincike da aka yi a asibitocin Turai ya nuna cewa allurar garkuwa da ake kira HBIG, in aka daɗe ana yin ta, tana rage komawar cutar ƙwarai. Daga 1998 aka haɗa ta da ƙwayar lamibudin, daga baya aka samu entekabir a 2005 da tenofobir a 2008. A yau, inda ake bin ƙa'ida, waɗanda cutar ke koma wa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Labarin nau'in C ya fi wannan ban tsoro a da. Sai a 1989 aka gano ƙwayarsa. Duk majinyacin da aka yi wa dashe alhali ƙwayar tana yawo a jininsa, kusan babu makawa sai ta kama sabuwar hanta, kuma tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 sabuwar hantar takan ƙeƙashe cikin shekara biyar kacal, abin da yakan ɗauki shekara ashirin ko fiye a jikin wanda ba a yi wa dashe ba. Al'amarin ya canja tun daga ƙarshen 2013, lokacin da aka amince da sofosbubir, sa'an nan sauran magunguna irinsa suka biyo baya. Ƙwayoyi ne da ake sha na mako 8 zuwa 12, kuma suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu cutar, ko kafin dashe ko bayansa. Nau'in C ba shi da allurar rigakafi amma yana da magani mai warkarwa. Nau'in B yana da rigakafi, amma maganinsa danne shi yake yi, ba ya kashe shi, saboda haka wanda aka yi wa dashe zai sha maganin har ƙarshen rayuwarsa.

Daga wannan doguwar gwagwarmaya likitoci suka koyi gane alamomin da ke nuna, tun kafin abu ya faru, wace hanta ce za ta ɗore kuma wace ce ke cikin haɗari. Wannan ba duba ba ne, kuma ba shiga hurumin Ubangiji ba ne. Irin sanin da manomi yake da shi ne idan ya dubi iri da ƙasa da yanayin damina. Alamomin sun kasu kashi uku.

Kashi na farko yana jikin majinyaci tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Mafi girmansu shi ne yawan ƙwayoyin cutar a cikin jini a ranar dashe. Wanda aka danne masa cutar da magani har awo ya kasa ganin ta, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda aka yi wa aiki jininsa cike da ita, haɗarinsa babba ne. Haka nan ana duba ko ƙwayar ta riga ta bijire wa magani, kamar yadda takan yi wa lamibudin in an daɗe ana sha, da ko majinyacin yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da ko sankara ce ta kawo shi. Game da sankara, tun 1996 likitocin birnin Milan na Italiya suka kafa ma'aunin da ake bi har yanzu: in ƙari guda ne kada ya wuce santimita 5, in kuwa sun kai uku kada kowanne ya wuce santimita 3, kuma kada cutar ta shiga jijiyar jini ko ta fita daga hanta. Wanda ya wuce wannan iyaka, akwai tsoron sankarar ta dawo bayan an kashe dukiya. Akwai kuma ma'aunin MELD, wanda Amurka ta fara raba hanta da shi a 2002, mai haɗa sakamakon awon jini na shawara da na aikin ƙoda da na daskarewar jini domin a gane tsananin ciwon. Wanda aka bari ya galabaita ƙwarai kafin a kai shi, ko an yi dashen yakan sha wuya kafin ya miƙe.

Kashi na biyu yana jikin hantar da aka bayar. Hantar tsoho ba ta jure komawar nau'in C kamar hantar matashi. Hantar da kitse ya lulluɓe, da wadda ta daɗe a ƙanƙara kafin a dasa ta, sun fi saurin gazawa. Mai bayarwa ma tilas a auna jininsa, domin a gidan da uwa ta ɗauki nau'in B sau da yawa akan samu 'ya'yanta da dama suna ɗauke da shi, har ɗan'uwan da ya miƙa kansa don taimako a tarar shi ma majinyaci ne bai sani ba.

Kashi na uku shi ne abin da ke faruwa bayan an sallamo majinyaci, kuma nan ne maganar ta shafi Sakkwato kai tsaye. Dole a riƙa auna jini a kai a kai domin a ga lafiyar hanta da ko ƙwayar cutar ta sake ɗagowa. Dole a riƙa auna yawan maganin takrolimus a cikin jini, domin in ya yi kaɗan jiki zai ƙi sabuwar hanta, in ya yi yawa zai cutar da ƙoda. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen ciki ta auna taurin hanta ba tare da yanka ba, kuma likitoci sun tabbatar cewa hantar da ta fara yin tauri a shekarar farko bayan dashe tana cikin haɗarin gazawa in ba a yi hanzari ba. Sa'an nan akwai abin da ya fi kowanne sauƙin faɗa, ya kuma fi kowanne wuyar kiyayewa, wato shan magani kullum ba fashi.

Mai karatu ya lura cewa kusan duk waɗannan alamomi ba a hannun likitan tiyata na Indiya suke ba. Suna ɗakin awon jini, da kantin magani, da littafin rajistar asibitin gida. Majinyacin da ya dawo daga Indiya ya sauka a filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya wuce Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa, wa zai auna masa takrolimus bayan wata guda? In kuɗi suka ƙare ya ajiye tenofobir na 'yan watanni, cutar tana iya tasowa da ƙarfin da zai kashe hantar da aka sayar da gona aka dasa. In tari ya kama shi aka ba shi rifamfisin, maganin tarin fuka, a wurin da ba a san tarihinsa ba, maganin zai rage ƙarfin takrolimus a jininsa har jiki ya juya wa hantar baya. In kuwa wani mai tausayi ya kawo masa jiƙon shawara daga masu talla da lasifika a bakin kasuwa, babu wanda ya san abin da ke cikin kwalbar, balle abin da zai yi wa hantar. Saboda haka gwamnatin da ta biya kuɗin jirgi da na tiyata ta rufe fayil, rabin aiki ta yi, kuma rabin da ta bari shi ne mai yanke hukunci.

Akwai darasi na biyu wanda ya fi na farko girma. In likitoci suna iya hango makomar hantar da aka dasa, to sun fi iya hango makomar hantar jariri. Jaririn da ya ɗauki nau'in B daga mahaifiyarsa a lokacin haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma. Babban mutum kuwa in ya ɗauka, waɗanda take zaunawa a jikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Allurar rigakafin da aka yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, aka bi ta da sauran allurai na watannin farko, tana toshe wannan hanya. Tun 2004 Nijeriya ta sa wannan allura cikin jerin rigakafin yara, kuma kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati. Amma binciken rigakafi na ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Jihar Sakkwato suka kammala allurar nan mai kare cututtuka biyar, kuma babu jihar da ta kai ta ƙasa a lokacin. An samu ci gaba daga baya, amma yaran da aka tsallake a waɗancan shekaru suna nan suna girma. Tun da yake mafi yawan matan jihar a gida suke haihuwa, allurar ranar farko ba za ta kai ga jarirai ba sai an haɗa kai da ungozoma da mai unguwa.

Sauran hanyoyin yaɗuwar cutar ma sanannu ne. Aska guda da wanzami zai yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire belu da ita, ƙahon da ba a tsabtace ba, almakashin masu yankan farce a tasha da bakin ofis, allurar da aka maimaita a kemis, da jinin da aka ƙara wa majinyaci ba tare da cikakken awo ba, duk ƙofofi ne. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a ajiya suna ɗauke da dafin da ke ninka haɗarin sankarar hanta ga mai nau'in B. Cin abinci tare, da musabaha, da sahun salla kuwa ba sa yaɗa nau'in B ko C, kuma ya kamata a daina ƙyamar masu cutar a kan wannan zato.

Wasu ƙasashen Afirka sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Gambiya ta fara yi wa jarirai rigakafin nau'in B tun 1986, kuma cutar ta ragu ƙwarai a tsakanin waɗanda aka haifa daga baya. Masar, wadda a da take cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu nau'in C, ta auna jinin mutum fiye da miliyan 50 a yaƙin da ta fara a 2018, ta ba masu cutar magani kyauta, har a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zama ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 domin shawo kan cututtukan hanta, kuma wa'adin ya ƙarato.

Bisa ga haka, wannan jarida tana ba da shawarwari kamar haka. Na farko, duk agajin da gwamnati za ta ba wani domin dashen hanta a waje, a haɗa shi da tanadin magani da awon jini na bayan dawowa, kuma kada majinyaci ya tashi sai an san likitan da zai karɓe shi a gida. Na biyu, Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta haɗa hannu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru a tabbatar da cewa awon yawan ƙwayar cuta, da awon takrolimus, da awon taurin hanta suna samuwa a Sakkwato kullum a kan farashin da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya, a kuma buɗe rajista guda ta duk wanda aka yi wa dashe. Wannan tanadi zai amfani masu dashen ƙoda ma, tun da takrolimus ɗin dai suke sha. Na uku, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta sa awon cutar hanta da maganinta cikin abubuwan da take biya. Na huɗu, a auna kowace mai ciki da ta je awo, a Asibitin Maryam Abacha ne ko a ƙaramin asibitin ƙauye a ƙananan hukumomi 23 na jihar, domin wadda aka samu ƙwayar ta yi yawa a jininta a fara ba ta tenofobir tun kafin ta haihu.

Majalisar Sarkin Musulmi da hakimai da limamai sun taka rawar da duniya ta shaida wajen yaƙi da shan inna, har aka tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya a 2020. Irin wannan murya ake bukata domin allurar ranar haihuwa, da kuma jawo sarakunan aska su karɓi tsarin reza guda ga mutum guda. Wannan ba baƙon abu ba ne a birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Malamai kuma su bayyana wa jama'a cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ba da sashen jiki domin ceton rai bisa sharuɗɗa, ta haramta sayar da shi, kamar yadda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta haramta. Jihar Kano ta kafa dokar awon jini kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da cutar hanta. Duk inda za a bi wannan tafarki, a tuna cewa samun nau'in B a jinin ango ko amarya ba dalilin fasa aure ba ne, dalilin yi wa ɗayan allurar rigakafi ne.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su ne suka fi kowa kusanci da asibiti da ilmi, saboda haka nauyin farawa yana kansu. Kowa ya je a auna jininsa sau ɗaya. Wanda aka samu ba ya ɗauke da cutar ya karɓi allura uku na rigakafi. Wanda aka samu yana ɗauke da ita ya nemi likita, ya kai matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa a auna su. Shugabannin ma'aikatu da na makarantu kuma kada su mai da sakamakon awo dalilin hana mutum aiki ko gurbin karatu, domin hakan ba abin da zai haifar sai ɓoye cuta. Ɗaliban likitanci da na kimiyyar awon jini su sani cewa jihar tana bukatar masu ƙwarewa a fannin hanta kamar yadda ta samu a fannin ƙoda.

Ranar da za a yi dashen hanta a Sakkwato tana iya zuwa, kuma kowa zai yi murna da ita. Amma tun ran gini ran zane. Ɗakin awo da kantin magani da allurar jariri su ne harsashin wannan gini, kuma kuɗinsu bai kai na tura mutum kaɗan zuwa ƙasar waje ba in aka kwatanta da yawan rayukan da za su tsira. Ranar 28 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. Ya dace kafin ta sake zagayowa Ma'aikatar Lafiya ta fito ta gaya wa jama'a jarirai nawa aka yi wa allura a ranar haihuwarsu, da masu ciki nawa aka auna, da majinyata nawa ke kan magani. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba shugabanni ikon sauke amanar da ke kansu.